Haƙoran Bindiga

Duk wanda ya tashi a Wudil ya san ba a cinikin sa sai an buɗe bakinsa. Ranar Juma'a, idan kara ta cika ta batse, za ka ga mai saye ya ƙyale ƙiba da tozo da kyan ƙaho, ya sa a riƙe masa dabba ya leƙa haƙora. Dillali na iya rage wa sa shekaru da fatar baki, amma haƙori ba ya taya shi ƙarya. Tsohuwar bindiga ma tana da nata haƙoran. Damuwar ita ce masu iya duba su sun yi ƙaranci, masu iya sa mata na roba kuma kullum ƙaruwa suke yi.

Ni a gidan maƙera na tashi, a hannun Baffa, yayan mahaifina. Aikinsa na kullum fartanya ne da garma da lauje da gatari, amma da azumi ya raba tsakiya sai zaurenmu ya cika da bindigogin toka, waɗanda wasu ke kira harba-ka-ruga. 'Yan bindigar da ke raka hakimi hawan Sallah su kawo nasu a duba, maharban ƙauyukan hanyar Garko da Gaya su ma su kawo. Ni dai nawa zuga ne da miƙa awartaki. Tun a lokacin na lura Baffa ba ya ɗaukar masaba sai ya gama shafa bindiga da tafin hannu daga baki har gindi, ido a rufe, kamar mai ɗori yana laluben karaya. In ya gama sai ya faɗa wa mai ita abin da ya taɓa samunta, wani lokaci har abin da shi mai itan bai sani ba.

A ɗakinsa akwai wata doguwar bindiga rataye, wadda muka gada daga kakan kakana. Idan aka tsayar da ita a ƙasa, bakinta na kai wa babban mutum kafaɗa. Babu inda hannu bai taɓa ba a jikinta. Asalinta mai ƙanƙara ce, irin wadda dutse ke dukan ƙarfe ya ba da tartsatsi albarushi ya kama. Kakana ya cire wannan ya mayar da ita mai 'yar hular tagulla da kunama ke sara, saboda irin wannan ba ta cika ƙin tashi ba idan an yi raɓa. Gara ta ci gindinta, aka sassaƙa mata wani da maɗaci. Ƙotar ta tsage a wuya, Baffa ya naɗe wurin da wayar tagulla. A tsakiya akwai fata ɗinkakkiya da laya a ciki, wadda ba wanda ya taɓa buɗewa. Kowane gyara an san wanda ya yi shi, an kuma san dalili.

Labarin gidanmu shi ne da ita aka yi Basasar Kano, yaƙin Tukurawa da Yusufawa na 1893 zuwa 1895. Ƙasarmu ta sha ƙurar wannan yaƙi, tunda a Takai Yusufawa suka yi sansani, a Garko kuma Yusufu ya rasu. Irinta ce kuma aka fi gani a hannun mutanenmu a wancan zamani, domin yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Burasels a 1890 ta hana a sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani masu cin harsashi ta baya, ta bar musu masu ƙanƙara.

Da na girma na shiga karance-karancen tarihi, sai na koma kan wani ɗan hatimi da ke gindin bututunta: haruffa uku, E da L da G, cikin zagaye mai siffar ƙwai. Tambarin gidan gwajin bindigogi ne na birnin Liyej a ƙasar Beljiyam, garin da ya ƙera ɗimbin bindigogin da fatake suka yaɗa a Afirka ta Yamma. A 1893 aka fito da irin wannan hatimi mai kambi a ka. Saboda haka duk bindigar da ka ga kambi bisa ƙwan nan, ko mai ita ya rantse cewa ta ga zamanin Sarki Dabo, wanda ya rasu a 1846, to hatimin ya ƙaryata shi. Tamu ba ta da kambi. Hakan bai tabbatar da cewa ta je Takai ba, tunda an ci gaba da buga marar kambin a kan masu ɗuri ta baki har bayan wannan shekara. Iyakar abin da ya ce shi ne labarin gidanmu yana iya zama gaskiya. Aikin hatimi ke nan: yana iya rusa labari gaba ɗaya, amma ba ya iya gina shi shi kaɗai.

Kada mai karatu ya ɗauka duk bindigar da aka sauya wa kama ta zama jabu. Gwamnatoci da kansu sun fi kowa yin kwaskwarima. Daga 1866 Ingila ta kwashe bindigoginta samfurin 1853 masu ɗuri ta baki, ta yanke gindin bututunsu ta sa musu ƙofar harsashi, suka zama Snider. Martini-Henry da sojanta suka karɓa a 1871, daga 1895 aka riƙa sauya musu bututu don su ci ƙaramin harsashin .303, suka zama Martini-Enfield. Amma da suka yi hakan sai suka bar tsohon rubutun a gefen dama yadda yake, suka buga bayanin sabon aikin a gefen hagu. Faransa ma da ta mayar da Chassepot ta 1866 ta koma Gras, sai ta buga 1866-74 a jiki, kowa ya gani. Mai gyaran gaskiya, ko maƙerin Wudil ne ko ma'aikatar sarauniya, yana barin sawunsa a fili. Mai algus shi ke bin sawun da tsintsiya.

Na fara ganin mai tsintsiyar nan da idona wata shekara da kogi ya cika ya ci mana bangon gabas, ɗakuna biyu suka zube, ga kuma bikin 'yar Baffa an sa rana. Wani dillalin kayan tarihi ya zo daga birni da buhu. Bayan gaisuwa ya zazzage tsofaffin ƙarafan bindiga uku, ya fito da takarda mai hoton kambi da haruffan V.R. a ƙarƙashi.

"Baba, aiki na kawo maka mai tsoka. Wannan zanen nake so ka fitar mini a jikin kowacce. An ce duk ƙasar nan ba mai hannunka."

Baffa ya juya takardar, ya miƙo mini. "Kai ɗan boko, me aka rubuta?"

Na ce, "Baffa, tambarin Sarauniyar Ingila ne."

Ya dubi baƙon. "Alhaji, ita sarauniyar ce ta aiko ka?"

Mutumin ya yi dariya, ya ce ai masu saye Turawa ne da manyan masu kuɗi, abin da suke so ke nan, kuma ba wanda za a cuta tunda rataye su kawai za a yi a bango. Ya faɗi kuɗin da ya isa a tayar da ɗakunan nan biyu har a yi rufi. Baffa ya yi shiru, har na ɗauka lissafi yake yi. Can ya ce, "In kunama ce ta karye, kawo in gyara. In ƙota ce, in sassaƙa. Amma ban taɓa sa wa ɗan wani sunan uban da ba nasa ba, ba kuma zan fara da furfura ba." Dillalin ya hango tamu ta ƙofar ɗaki, ya taya. Baffa ya ce ba ta sayarwa ba ce. A rumfar zana muka ƙarasa wannan damina, bikin kuma aka yi shi daidai ƙarfi.

Daga baya na gane cewa sana'a ce mai rassa. Akwai haɗe-haɗe, inda ake ɗauko bututun wannan da ƙotar waccan da kunamar wata a tayar da bindiga guda wadda ba ta taɓa rayuwa ba. Akwai bugun hatimi, irin wanda aka nemi Baffa ya yi. Akwai yanka, a gajarta doguwa ta koma kamar wani samfuri mai wuyar samu. Akwai tsufarwa, a sa sabon ƙarfe da sabon ice su yi kama da waɗanda suka shekara ɗari. Na ƙarshe, wanda ya fi duka arha kuma ya fi duka kawo kuɗi, shi ne labari. Ba a buƙatar magagari ko gawayi kafin a ce wannan ta Rabe ce, waccan a Kwatarkwashi aka tsince ta.

Bayan wasu shekaru wani attajiri a birnin Kano, mai sha'awar kayan da, ya aiko da mota a ɗauki Baffa. Ya tara takubba da sulke da kwalkwali da tsofaffin kuɗi, yana kuma da bindigogi uku, dukkansu matattu, an toshe bututunsu. Wani abokinsa ne ya sa masa shakka, shi ne ya nemi wanda zai duba. Baffa ya tafi da ni, ya ce shi hannu, ni ido.

Ta farko Martini ce, tana ta ƙyalli a cikin akwatin gilashi. An sayar masa da ita a kan cewa tana cikin waɗanda sojan Kanar Morland suka riƙe ranar 3 ga Fabrairu 1903, ranar da Turawa suka fasa Kano Sarki Alu ba ya gari. Baffa ya rufe ido ya bi gefenta na dama da babban yatsa, sai ya tsaya. Ya ce wurin ya lotsa kamar cikin cokali, alamar an goge wani abu da magagari kafin a buga wani. Ya kai ta bakin taga ya karkata ta ga haske, sai ga haruffan suna hawa da sauka, wani ya nutse wani ya taso, domin ɗaya bayan ɗaya aka buga su da hannu. Sannan ya nuna tsatsar, ya ce tsatsar gaske tana da wurin kwana: tana taruwa a lungu da ƙarƙashin ice, tana gudun inda tafin hannu ke yawan riƙewa. Wannan kuwa ta shimfiɗu ko'ina bai ɗaya kamar lalle.

Ni kuma na karanta rubutun. Kambi, V.R., ENFIELD, 1902. Wanda ya buga ya yi dabara, ya zaɓi shekarar da za ta dace da labarin 1903. Abin da ya manta shi ne Sarauniya Biktoriya ta rasu a Janairun 1901, daga nan tambarin ya koma E.R., na ɗanta Edward. Harafin N kuma a juye yake, kamar an gan shi a madubi. Waɗannan kurakurai biyu sananni ne a duniya. Maƙeran yankin Kaibar, tsakanin Pakistan da Afganistan, musamman garin Darra Adam Khel, sun fi shekara ɗari suna kwaikwayon Martini da hannu, kuma masu tara bindigogi a Ingila da Amurka da irin waɗannan alamomi suke gane su. Sojojin Amurka da dama da suka yi aiki a Afganistan bayan 2001 sun koma gida da irinsu a matsayin tsaraba. Wanda bai san harshe ba, in ya kwaikwayi rubutunsa, zanen haruffa kawai yake yi, shi ya sa ramin ƙaryarsa ke ƙurewa da wuri.

Ta biyu gajeriyar Lee-Enfield ce, aka ce wani mazan jiya ne ya dawo da ita daga Bama. Gaskiya ne dubban 'yan Arewa sun yi yaƙi a can, cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, tsakanin 1943 da 1945. Gaskiya ne kuma akwai gajeriyar bindigar daji, samfuri na 5, wadda masana'antu biyu kacal a Ingila suka ƙera daga 1944 zuwa 1947. Sai dai ta gasken an rarake mata ƙarfe a gindin bututu don rage nauyi, kuma ana ganin kwarmin idan an ɗaga icen da ke sama. Muka nemi izini muka ɗaga. Ƙarfe sumul, ba kwarmi ko ɗaya. Baffa ya kankare ƙarshen icen da farce, baƙin da aka shafa ya tashi, farin yanka ya bayyana. Lambar da ke jikin sakatar harsashi daban, ta gangar jikin daban. Samfuri na 4 ce, irin wadda 'yan sandanmu suka daɗe suna saɓawa, aka yanke ta aka ɗaura mata labari. Wannan ma ba a nan aka fara ba: 'yan kasuwa a Amurka sun yanke irinta da yawa bayan yaƙi, domin gajeriyar ta fi shiga ran masu saye.

Ta ukun tana jingine a bayan ƙofa. Alhaji ya ce kada mu wahalar da kanmu, gyara ce dillalin ya ba shi bayan an gama ciniki. Ƙotarta cike da ƙusoshin tagulla, an naɗe wuyanta da jar fata, ƙura ta rufe ta. Baffa ya daɗe a kanta fiye da sauran. Da na goge wurin rubutu da gefen riga sai ga sunan masana'antar Santetiyen ta Faransa, ga kuma 1866-74. Lambar bututu da ta sakata iri ɗaya. Icen asali ne, ya yi santsi daidai inda kumatu ke kwanciya, ya kuma zaizaye daidai inda hagu ke riƙewa. Irinta Faransa ta sayar da yawa bayan sojanta sun daina amfani da su, suka bazu a Afirka. Sojan Faransa ya riƙe ta, ma'aikata ta sauya ta ta kuma rubuta cewa ta sauya, sannan wani namu ya same ta ya yi mata ado irin nasa. Dukkan rayuwarta tana nan a jikinta, ba a share ko layi ɗaya ba.

Alhaji ya zauna ya yi tagumi. Kuɗin biyun farko, in ji shi, sun isa a ciko mota da shanu. Da ya farfaɗo sai ya ce to a kai ta ukun a cire fatar da ƙusoshin, a goge ta ta yi haske, a sa ta a gilashin.

Baffa ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, abin da aka yi wa waɗancan ke nan. Ka shafa mata mai kaɗan, ka raba ta da damshi. Sandfefa kuwa kada ta kusance ta."

Asarar kuɗi ita ce mafi sauƙi a cikin wannan lamari, domin mai shi zai mayar. Akwai asarar hannu. Ba kowace jabu ke ƙarewa a bango ba, wata tana faɗawa hannun saurayin da zai ɗura mata albarushi ranar hawa, yana taƙama da hatimin Turai, alhali bututun ruwa ne aka rina. Baffa ya san mutane da suka rasa yatsu ta haka, shi ya sa duk bututun da bai yarda da shi ba yake mayar wa mai shi, ko da za a yi fushi.

Sai asarar da ba a jin zafinta nan take. Jabun da ke falon attajiri yau, gobe magada za su ba da ita kyauta ga wata makaranta ko gidan tarihi. Jibi ɗalibi ya ɗauki hotonta ya sa a kundin digirinsa, gata kuma ta zama hujja. Ranar da Kano ta faɗi, da ranar da Waziri Ahmadu ya kwanta dama a Kwatarkwashi, da wahalar da kakanninmu suka sha a dajin Bama, ba kayan ado ba ne da za a liƙa wa kowane ƙarfe don ya yi tsada. Idan ƙarya ta yi yawa a kasuwa, mai gaskiya ma in ya fito da tasa sai a yi masa murmushi. Wannan shi ya fi ci mini rai, domin gidaje irin namu ba su da takarda, labarin baka da ƙarfen kawai suke da su.

Doka ma tana da magana a nan. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ce ko bindigar toka sai da lasisi, na soja kuwa an haramta riƙe su sai da izini daga can sama. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi ta bayan fage, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Wanda ya gaji abin da ya fi ƙarfin ɗakinsa, akwai Gidan Makama a birni, inda ake adana kayan yaƙin da. Mu 'yan Wudil ma bai kamata mu ji baƙunta a can ba, tunda sarautar Makama da garinmu sun daɗe tare.

Ga wanda ke da irin wannan gado a gida, wayar da yake karanta wannan rubutu da ita ta isa ta yi rabin aikin. A fito da bindigar da hantsi, a tabbatar ba ɗuri a cikinta, a ɗauki hoton kowane hatimi da kowace lamba a kusa, haske na zuwa daga gefe. Sannan a zauna da mafi tsufa a gidan a naɗi muryarsa: wa ya kawo ta, daga ina, wa ya gyara me. Abin da ya gani da idonsa a ware shi daban, abin da aka faɗa masa a ware shi daban. Dillali yana samun ƙofa ne a gidan da aka manta.

Mu mun yi namu shekara guda kafin Baffa ya rasu. Na sayi littafi mai shafi arba'in, yana faɗa ina rubutawa. Da muka zo kan Basasa, na rubuta cewa an je yaƙin da ita, sai ya sa na karanta masa. Ya ce in soke, in rubuta "an ce", domin shi bai gani ba, ubansa ma bai gani ba. Da muka zo kan wayar tagulla kuwa ya ce in sa sunansa cikakke, da shekarar, da cewa daga kan jaki ta faɗo ta tsage. Littafin yana cikin jakar fata tare da lasisin, a ƙusar da bindigar ke rataye. Shafi tara muka cika. Ƙanena da ya gaji maƙerar ya sauya mata sukuru ɗaya bara, ya buɗe shafi na goma ya rubuta.